AKG a hannun Samsung: har yanzu kayan aiki ne, ko suna kawai ya rage?

Mai Sutudiyo, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sauti kafin in fitar da kuɗin da na daɗe ina tarawa.

Ina da ɗan ƙaramin sutudiyo, ɗaki ne da falo, na lulluɓe bangon da soso da tsofaffin barguna. Yawancin aikinmu tallar rediyo ne, sai masu karanta littattafan Hausa da suke ɗorawa a YouTube, wani lokaci kuma waƙar biki ko yabo. Tun ina yaron sutudiyo nake ganin ubangidana da makirufonsa na AKG, samfurin C414. A cikin akwati yake ajiye shi, ba ya barin kowa ya taɓa, sai babban mawaƙi ya zo sannan ya fito da shi da hannu biyu. Tun lokacin na sa a raina cewa duk ranar da na samu hali AKG zan saya. Ƙarfina bai kai C414 ba, ƙaninsa C214 nake hari, tare da hedifon ɗaya, ko K240 ko K371.

To jiya wani abokin sana'a ya kashe min jiki. Ya ce AKG ya mutu tun ranar da Samsung ya saye shi, wai an rufe masana'antar, an kori ma'aikatan, yanzu sunan iyafis ɗin waya ne kawai ya rage. Ya ce in kai kuɗina wani wurin.

Shin gaskiya ne? Me Samsung ya yi da kamfanin nan tun da ya shigo hannunsa? Kuma wanda ya sayi makirufon AKG sabo a yau, irin na ubangidana yake saya ko wani abu ne daban da aka manna wa tambari?

Tsohon Injiniya, Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗana. Abokin naka ya faɗi gaskiya a wani wuri, a wani wurin kuma ya ɗora laifi kan wanda bai aikata ba. Ni aikin sauti na yi a gidan rediyo har na yi ritaya, hannuna ya saba da makirufon AKG, don haka ka yi haƙuri idan na tsawaita, maganar tana taɓa ni.

Da farko dai Samsung bai je Ostiriya neman AKG ba. Mutum biyu ne, Rudolf Görike da Ernst Pless, suka kafa kamfanin a birnin Biyena a 1947, gari bai gama farfaɗowa daga yaƙin duniya na biyu ba, kuma da kayan gidajen sinima suka fara. A 1953 suka fito da D12 da C12, waɗanda suka ɗaga sunansu a gidajen rediyo da sutudiyo na duniya. C414 ɗin da ubangidanka ke lallaɓawa ya fara fitowa a 1971, hedifon K240 kuma a 1975. Daga baya, a 1994, kamfanin Harman na Amurka, mai lasifikar JBL, ya mallaki AKG. Ka ga ke nan ya shekara sama da 20 a hannun Amurkawa kafin mutanen Koriya ta Kudu su shigo.

Rufe Biyena kuwa, ka lura da watannin. A watan Satumba na 2016 Harman ya sanar cewa zai rufe cibiyar AKG ta can, mutum sama da 100 za su rasa aiki. Sai a watan Nuwamba na shekarar Samsung ya sanar zai sayi Harman kan dala biliyan 8. An kammala cinikin a watan Maris na 2017, a shekarar kuma aka kulle ƙofar Biyena. Abubuwan biyu sun faɗo a tare, shi ya sa jama'a suka haɗa su. Kuma tun kafin haka Harman ya riga ya kwashe ƙera hedifon da dama zuwa Chaina da Sulobakiya. Abin da zan iya ɗora wa Samsung shi ne ya zo ya tarar ana rushewa, yana da kuɗin da zai tsayar, bai tsayar ba.

Dalilin da bai tsayar ba a fili yake. Ba don makirufo ya biya kuɗin nan ba, don mota ya biya. Kusan kashi 65 cikin 100 na cinikin Harman a lokacin daga kayan mota yake fitowa: allon gaban direba, na'urar nuna hanya, rediyo da lasifikar mota, da haɗa mota da intanet. Nan Samsung yake son kutsawa. AKG a wurinsa kamar mutumin da ya sayi gida ne saboda girman fili, ya tarar da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Ba zai sare ta ba, zai sha 'ya'yanta, amma ba ita ya taya ba, kuma ba zai hana kansa barci kan ban ruwanta ba.

Kuma ya sha 'ya'yan da wuri. A watan Afrilu na 2017, wata ɗaya bayan ciniki, Galaxy S8 ta shigo kasuwa da iyafis mai sunan AKG a cikin kwali. Shekara ta zagayo, lasifikokin S9 ma aka ce AKG ne ya daidaita su. A 2019 Galaxy Buds suka fito da sunan. Har cikin mota sunan ya shiga, Cadillac Escalade ta 2021 akwai wadda aka sa wa lasifika 36 da tambarin AKG. Sunan da a da sai ɗan rediyo da mai sutudiyo suka san shi, yau yana aljihun miliyoyin mutane.

Abin da ke damuna shi ne mutanen. Ran makirufo irin wannan yana cikin ƙwayar da ke bayan ragar nan, wata 'yar fata ce siririya da aka shafa wa zinare, aka ɗaure ta a kan farantin ƙarfe mai ƙananan huji. Yadda aka ja ta, da tazarar da ke tsakaninta da farantin, su ne muryar makirufon. Idan ta yi sanyi kaɗan ko ta yi tauri kaɗan, sauti ya canza. Wannan aiki ana rubuta ƙa'idarsa a takarda, amma rabinsa yana yatsun wanda ya shekara 20 yana yi, da kunnen wanda ke gwadawa. Waɗannan mutane ba su bi suna zuwa Kalifoniya ba, inda Harman ya mayar da cibiyar AKG. Su 22 daga cikinsu suka zauna a garinsu, suka kafa Austrian Audio a 2017, a 2019 suka fitar da makirufonsu OC818 da OC18, kuma a Biyena suke haɗa ƙwayar da hannu.

Duk da haka ba zan ce maka AKG ya mutu ba, don ba gaskiya ba ne. Har yanzu ana ƙera C414 da C214, an mayar da haɗa C414 ƙasar Hungari, kuma manyan sutudiyo suna aiki da shi. K371 ɗin da ka ambata ma bayan Samsung ya fito, a 2019, kuma ya fito ne daga binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka shekara suna yi a cibiyar Harman ta Northridge da ke Kalifoniya, inda suke zaunar da mutane su saurara ba tare da sun san wane hedifon ke kansu ba, su zaɓi wanda ya fi musu daɗi. Aiki ne na gaske, ba manna tambari ba. Sai dai aikin Amurka ne da sunan Ostiriya. Game da na ubangidanka kuma, C414 ya sha canji tun 1971, ƙwayar tagulla ta farko an daina yin ta tun kafin Harman ma, don haka sai ka duba wane zubi ne nasa kafin ka kwatanta.

Mai Shagon Waya, Kano

Baba, Allah Ya ƙara lafiya, ka wanke mu. Ni bari in faɗi abin da nake gani daga bayan kanta.

Cikin mutum goma da suka shigo shago suka ce a ba su AKG, ba wanda ke nufin makirufo. Iyafis ɗin nan mai igiyar saƙa suke nufi, na cikin kwalin S8 da Note. Wasu ma ɗauka suke yi AKG sunan wani sashe ne na Samsung, kamar yadda Galaxy yake. Kuma tun S21 a 2021 Samsung ya daina sa iyafis a kwalin manyan wayoyinsa, amma ka shiga kasuwa yau za ka ga an jibge su a leda, kowanne da haruffan nan uku a jiki. Daga ina? Jabu ne mafi yawansu. Ka ɗaga shi ka ji ba nauyi, ka murza igiyar ka ji ƙara-ƙara a kunne ɗaya, maɓallin ƙara murya wani lokaci ba ya aiki. Ni ina gaya wa kwastoma gaskiya, wannan kwafi ne, ga kuɗinsa, in ya so ya ɗauka. Amma yaron da ya saya a wani wurin a matsayin orijina, bayan sati biyu ya mutu, shi a wurinsa AKG kayan banza ne har abada. Ina jin irin wannan ne ya shiga kan abokin Mai Sutudiyo.

Wani abu kuma da mutane ba su lura ba. Infinix Note 30 da ta fito a 2023, a jikinta an rubuta cewa JBL ne ya daidaita sautinta. Infinix na Transsion ne, masu Tecno da itel, waɗanda suka fi kowa cin kasuwar Samsung a Afirka. JBL kuma na Harman ne, Harman na Samsung. Wato abokin gogayyarsa ne ke amfani da sunan da yake mallaka. Wannan ya nuna min Samsung ya bar Harman yana kasuwancinsa da kowa, bai kulle sunayen a gidansa ba. AKG ne dai ya fi jawowa jikin wayoyinsa.

Mai Karatun Littafi, Zariya

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba injiniya ba ce, littafi nake karantawa ina ɗorawa, amma Malam Mai Sutudiyo, ka gode wa Allah sunan AKG ɗin naka yana raye.

Makirufon da nake aiki da shi Yeti ne na kamfanin Blue, mai shiga kwamfuta kai tsaye ba sai da wata na'ura a tsakani ba. Da shi na fara, da daddare bayan yara sun yi barci an kashe janareton maƙwabta, in kafa shi a kan tebur in jingina filo biyu a bayansa, kuma har yau bai ba ni kunya ba. Blue kamfani ne da wani mawaƙi Ba'amurke, Skipper Wise, da wani injiniya ɗan Latbiya, Martins Saulespurens, suka kafa a 1995, kuma da makirufon sutudiyo masu tsada suka yi suna kafin Yeti ya fito a 2009. Logitech, masu linzamin kwamfuta, suka saye shi a 2018 kan dala miliyan 117. A 2023 sai suka sanar sun ajiye sunan Blue a matsayin tambari, Yeti ya koma ƙarƙashin Logitech G, sashen kayan masu wasan kwamfuta.

Abin ya sosa min rai, ba don makirufona ya canza ba, yana nan yadda yake. Amma a ce an shekara sama da 20 ana gina suna, a shekara biyar a sauke shi daga kan kwali. Logitech sun ɗauki abin da ke kawo kuɗi, wato Yeti, sauran tarihin bai dame su ba. Idan aka auna da wannan, Samsung ya yi wa AKG adalci.

Baba Injiniya, ina da tambaya a gefe: Austrian Audio ɗin nan, muryar mace mai karatu tana fita da kyau a kansa?

Ɗan Kwamfuta, Abuja

Ni a ganina Apple ne ya fi kowa iya riƙon irin wannan amana, kuma ina mamakin ba wanda ya ambace shi. Ya sayi kamfanin hedifon Beats na Dr. Dre da Jimmy Iovine a 2014 kan dala biliyan 3. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar ya fitar da nasa iyafis ɗin, AirPods, zai binne Beats. Bai yi ba. Ya bar masa sunansa da ofishinsa a Culver City, ya zuba masa fasaharsa a ciki: Solo3 na 2016 ya samu irin ƙwaƙwalwar W1 da ke cikin AirPods, Powerbeats Pro na 2019 ya samu H1. Sannan ya raba musu kasuwa. AirPods na mai iPhone ne, Beats kuma na 'yan motsa jiki da masu son launi da masu Android. Studio Buds na 2021 yana haɗuwa da wayar Android cikin sauƙi, abin da Apple bai taɓa damuwa ya yi wa AirPods ba. A 2024 ma ya dawo da lasifikar Pill.

Kuma ya rage yawo da sunan. A da kwamfutocin HP duk da harafin b na tambarin Beats suke zuwa, bayan ciniki aka rabu, HP ya koma Bang & Olufsen a 2015. Samsung akasin haka ya yi, ya watsa AKG ko'ina har ya zama abin da Mai Shago ke bayani.

Abin da Apple ya kashe kawai shi ne manhajar sauraron waƙa ta Beats Music, a ƙarshen Nuwamban 2015, shi ma bayan ya gina Apple Music a kansa ya buɗe a watan Yuni na shekarar.

Tsohon Injiniya, Kaduna

Ɗan Kwamfuta, bayananka daidai ne, amma ban yarda da kwatancin ba. Beats ba shi da Biyena da za a rufe. Hedifonsa na farko a 2008 kamfanin Monster ne ya ƙera masa, kuma da shi suka tafi har 2012. Dukiyar Beats suna ce, da talla, da Iovine wanda ya san kowa a harkar waƙa, da manhajar sauraro. Duk waɗannan Apple yana buƙatarsu, shi ya sa ya riƙe su da kyau, kuma duk wanda ya saurari tsohon Beats da na yanzu ya san sautin ya gyaru a hannun Apple, dukan bas ɗin nan da ke danne murya ya ragu. Apple ya sayi suna ya kawo masa injiniyoyi. AKG kuwa injiniyoyin ne dukiyarsa, aka riƙe suna aka sallame su. Ba ciwo ɗaya ba ne.

Kuma ba AKG kaɗai ba. Crown, masu amfilifaya, su ma na Harman, an rufe masana'antarsu ta Elkhart a jihar Indiyana bayan cinikin Samsung. Studer na Suwizalan, shi ma a lokacin na Harman, wanda duk tsohon ɗan rediyo ya san na'urarsu ta faifan tef, an sayar da shi ga Evertz na Kanada a 2021. A ɗaya gefen kuma a 2025 Harman ya ƙara sayen kamfanonin kayan sauti Bowers & Wilkins da Denon da Marantz da Polk daga hannun Masimo kan dala miliyan 350. Ka duba abin da ake saya da abin da ake saki, za ka ga inda zuciyar kamfanin take: falo da mota da aljihu. Mu 'yan sutudiyo ƙaramar kasuwa ce a lissafinsu.

Hajiya, OC18 yana karɓar muryar mace da kyau, samansa, wato siraran sautuka, a buɗe yake ba tare da kaifi ba. Sai dai ba ya shiga kwamfuta kai tsaye irin Yeti ɗinki, dole ki haɗa da sawun-kad mai ba da wutar 48V da makirufon ke aiki da ita, kuma zai ɗauko duk motsin da ke cikin gida, har kukan fanka.

Yanzu kai, ɗana. Kan hedifon, K371 za ka saya. Bayansa a rufe yake. K240 bayansa a buɗe yake rabi, idan mawaƙi ya sa shi yana rera waƙa, kiɗan zai zubo ya shiga makirufo, ka zo haɗawa ka ji shi a ƙarƙashin murya ba yadda za ka cire. K240 yana da daɗin zama a kai lokacin gyaran aiki, amma mai hedifon ɗaya rufaffe ya kamace shi. Duka biyun ana cire igiyarsu a canza, sosonsu ma haka, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da hannu da yawa ke taɓa kaya.

C214 makirufo ne mai kyau, ta gaba kawai yake ɗauka, kuma samansa yana da haske. Wannan hasken yana ƙawata muryar namiji mai kauri a talla, amma Hausa cike take da s da sh da ts, mai siririyar murya zai iya fitowa da shewa. Maganinsa ka sa raga a gaba, ka ja mai magana baya kamar taki ɗaya na hannu, ka ɗan karkatar da makirufon kada ya fuskanci baki sak. Idan da hali ka samu wanda ke da shi, ka kai mai karatunka guda ka ɗauki shafi ɗaya, ka saurara a gida kafin ka biya. Kuma wurin dillalin kayan sutudiyo da aka sani za ka saya, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin makirufon, don su ma manyan ana yin jabunsu.

Mai Sutudiyo, Kano

Baba, na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara nisan kwana. Na gode Hajiya da sauran 'yan'uwa. K371 na tsayar. Makirufo kuma akwai wani sutudiyo a unguwarmu mai C214, na yi masa magana ya ce in zo ranar Asabar da yamma, zan tafi da yarinyar da ke mana karatu da kuma mai muryar tallarmu. Zan kuma tambayi kuɗin OC18 in ga tazarar da ke tsakani.

Tambaya ɗaya ta rage, Baba. Ga hunturu yana ƙaratowa, ƙura kuma ba ta jin soso ba ta jin bargo. Barin makirufon a kan sanda ya fi, ko a riƙa mayar da shi akwati kullum?

Tsohon Injiniya, Kaduna

Akwati, kullum, da zarar an tashi aiki. 'Yar fatar nan tana ɗauke da caji, tana jan ƙura da kanta, ƙurar kuma idan ta haɗu da danshin numfashi sai ka fara jin ƙas-ƙas a cikin sauti. Ka jefa 'yar jakar ƙwayoyin tsotse danshi a akwatin saboda damina, irin wadda ake samu a kwalin sabon takalmi. Idan hutun rabin sa'a za ku yi, ka rufa masa leda mai tsabta a kai. Ka kashe 48V kafin ka zare igiya, ka jira kaɗan. Kuma kada ka bar kowa ya hura masa iska ko ya ƙwanƙwasa shi da yatsa wai gwaji, a yi magana kawai a gabansa.